Yadda za ka tantance fim ɗin Indiya na kutsen gida kafin ka saka wa jama'a

Duk wanda ya saba zama a gidan kallo a Agege ko Idi-Araba a Legas ya san wannan yanayin. An manna fosta a bakin ƙofa: mace riƙe da wuƙar kicin ta laɓe bayan ƙyaure, ga inuwar namiji a jikin taga. Jama'a sun biya sun shiga, benci ya cika. Minti 40 da farawa sai tsaki ya fara tashi daga baya, wani ya ciro waya yana latsawa, wani ya fita sayen shayi bai dawo ba. Da aka tashi magana ɗaya ce a bakin kowa: "Wannan ai an ci kuɗinmu ne." Mai gidan kallo ya ƙona mai a banza, kuma gobe in ya rubuta "sabon Indiya" a allo, rabin mutanen ko leƙowa ba za su yi ba.

Fim ɗin da ake kutsa wa mutane cikin gida da dare ya fi kowane irin fim ɗin Indiya saurin jawo wannan ɓacin rai, kuma dalilin a fili yake. Fim ɗin soyayya ko na faɗa, ko labarinsa ya yi rauni, akwai waƙa, akwai rawa, akwai karon jarumi da bos da za su riƙe mutum a kan benci. Shi wannan ba shi da abin jingina. Gida ɗaya ne, dare ɗaya, mutum 3 ko 4. Fargabar da ke zuciyar mai kallo ita ce jarinsa gaba ɗaya, in ta zube babu sauran abin kallo. Abin da ke zubar da ita kuwa, wani daga fim ɗin yake, wani daga ɗakinka yake, kuma duka biyun ana iya gano su kafin dare ya yi. Ba a fafe gora ranar tafiya. Ware lokaci da rana, kai kaɗai, da rimot a hannu.

Fara da takardar da ke farkon fim

Fim ɗin da ya fita a sinima a Indiya yakan buɗe da takardar hukumar tace finafinai ta ƙasar, wato CBFC. Mutane na wuce ta da sauri, alhali tana ɗauke da abu 3 da kake buƙata. Tsayar da hoton ka karanta. Akwai harshen fim, inda za ka gane ko asalinsa Hindi ne ko daga Tamil ko Telugu aka juya shi. Akwai tsawonsa. Akwai kuma harafin shekaru: U na kowa ne, UA sai da kulawar iyaye, A na manya ne daga shekara 18. Wanda aka yi don Netflix ko Prime Video ko ZEE5 kai tsaye ba ya zuwa da wannan takarda, sai ka duba alamar shekarun da manhajar ta saka masa.

Tsawon shi ne babban abin dubawa. A ganinmu irin wannan labari yana ɗaukar minti 90 zuwa 110 cikin kwanciyar hankali. Da ka ga ya haura awa 2 da minti 10, ka sa a ranka cewa an yi masa ciko, domin dare ɗaya a gida ɗaya ba ya cin wannan lokacin sai an fita daga gidan, fita daga gidan kuwa shi ne ke kashe shi. Kwatanta tsawon da ke takardar da na fayil ɗin da ke hannunka. In akwai giɓin minti 10 ko fiye, an yanke wani abu, kuma a fim irin wannan sau da yawa abin da aka yanke shi ne ke bayyana ƙarshe.

Gwaji a wurare huɗu

Ba sai ka kalle shi duka ba, ko da yake kallon duka ya fi. Abu na farko, nemo mintin da baƙon ya ƙwanƙwasa ƙofa ko ya diro katanga. In har minti 25 ya wuce ana nan ana bikin aure, ana nuna ofis, ana waƙa a kan duwatsu, to fim ɗin ba abin da fostarsa ta ce ba ne. Dubi Kaun na 1999, wanda Ram Gopal Varma ya ba da umarni. Urmila Matondkar ce ita kaɗai a gida, ana ruwan sama, talabijin na ba da labarin wani mai kisa da ake nema, sai Manoj Bajpayee ya danna ƙararrawa. 'Yan wasa 3 ne ke riƙe da fim ɗin, babu waƙa ko ɗaya, kuma ba a ɓata lokaci kafin a kai mai kallo bakin ƙofar nan. Tun kafin shi, Ittefaq na Yash Chopra a 1969 ya yi haka da Rajesh Khanna da Nanda, dare ɗaya, babu waƙa, a zamanin da fim ɗin Indiya marar waƙa abin mamaki ne. Waɗannan biyun su ne ma'aunin da za ka ɗora sabo a kai.

Na biyu, gidan kansa. Bayan minti 30, rufe ido ka tambayi kanka: ƙofa nawa ce a gidan? Ina matakala, ina kicin, ina ɗakin da yaron yake kwance? In ka iya zana shi a takarda, daraktan ya san aikinsa. Mai kallo ba ya jin tsoro sai ya san cewa mutumin da ke tsaye a barandar nan taku 5 ne tsakaninsa da matar. In gidan yana sauya fasali, yanzu ga wata ƙofa da ba a taɓa nunawa ba, an jima ga ɗakin ƙasa ya ɓullo, jama'a za su daina lissafi, da zarar sun daina lissafi kuwa sun daina tsoro.

A nan ne ya kamata ka tuna su wa ke zaune a bencinka. Cikin masu kallonka a Legas akwai masu gadi da ke kwana a bakin get a Ikoyi da Lekki da Ikeja, akwai masu kwana kan kaya a kasuwar Mile 12. Tsaron gida sana'arsu ce. Sun san ƙarar sakata, sun san taga mai ƙarfe ba a fita ta cikinta, sun san kare ba ya yin shiru in baƙo ya diro. Kuskuren da mai kallo a wani wuri zai yafe, su a take za su kama shi, kuma da babbar murya. Saboda haka gwaji na uku shi ne wanda muke kira tambayar waya. Me ya hana mutanen gidan kiran 'yan sanda? A Indiya lambar 100 ce ko 112, kamar yadda muke da 767 da 112 a Legas. Dole fim ya rufe wannan hanya a idon mai kallo tun da wuri: an ƙwace wayar, ko an yanke layi, ko matar tana da sirrin da ba ta son 'yan sanda su gani. Wannan na ƙarshen ya fi ƙarfi, domin yana ƙara wa labarin nauyi. Haka maƙwabta, haka mai gadin ginin, haka ƙofar baya. In waya tana kan tebur da cikakken caji an wuce ta sau 3, ka ji muryar da za ta tashi daga bencin baya: "To ki kira mana, baiwar Allah!" Daga nan dariya ce za ta karɓi ɗakin, fim ɗin tsoron da aka fara yi wa dariya kuwa ba ya farfaɗowa.

Kula da wani abu kusa da wannan. Jarumar ta buge mugun ya faɗi, sai ta jefar da sandar kusa da hannunsa ta juya masa baya tana kuka. Sau ɗaya ana haƙuri, mutum a firgice yana iya yin wauta. Sau 3 kuma marubuci ne ya rasa yadda zai ja labarin.

Na huɗu, tsakiyar fim. Finafinan Indiya na sinima ana gina su ne da hutun rabin lokaci, don haka marubuci yakan ajiye abin girgiza dab da hutun. Matsa zuwa daidai rabin tsawon, ka kalli minti 10 da ke biye. A nan mafi yawansu ke mutuwa. An dawo daga hutu, maimakon a ci gaba daga inda wuƙa take a wuya, sai a koma shekara 5 baya, a nuna yadda mugun ya yi soyayya, aka zalunce shi, har da waƙa. Kalli agogo. Waiwayen da bai wuce minti 3 ko 4 ba ana jure shi. Wanda ya kai minti 15 ya fitar da jama'a daga gidan, kuma in aka dawo da su sai an sake gina fargabar daga tushe, lokaci kuwa ya ƙure.

Ƙarshen fa?

Kalle shi. Wasu masu gidan kallo ba sa so, wai kada su ɓata wa kansu daɗi, amma kai mai sayarwa ne, mai sayar da abinci kuwa yana ɗanɗana miya. Ƙarshe iri 3 ne ke tayar da tsaki: a ce duk mafarki ne, ko a ce duk a cikin kan jarumar abin ya faru ba tare da an taɓa nuna alama ba, ko a kawo wani mutum da ba a taɓa gani ba a minti 5 na ƙarshe a ce shi ne mai shirin. Juyin labari ba laifi ba ne, shi ne ma gishirin irin wannan fim. Sharaɗinsa dai a ce an shuka shi tun farko. Hanyar ganewa mai sauƙi ce: bayan ka ga ƙarshen, koma minti 20 na farko. In ka tarar da alamu 2 ko 3 da suka wuce ka ɗazu, wani kallo da aka yi, wani hoto a bango, wata amsa da aka ba da a karkace, fim ɗin ya yi adalci, kuma jama'a za su fita suna gardama a kansa har teburin mai shayi. In babu komai, ajiye shi.

Batun fassara

Yawancin jama'armu fassarar Hausa suke so, kuma suna da gaskiya, karanta rubutun ƙasa daga benci na 6 wahala ce. Sai dai salon da ke ƙayata fim ɗin faɗa, inda mai fassara ke saka barkwanci da kirari, shi ne ke rusa na kutsen gida. Rabin wannan fim shiru ne: takun ƙafa a matakala, numfashi a cikin kabad, ɗigar famfo. Nemo wurin da jarumar ta ɓuya, ka saurara minti 2. Mai fassara ya bar shirun, ko ya cike shi da surutu? Sautin asali yana nan a ƙarƙashin muryarsa, ko an danne shi ɗungurungum? Akwai kuma mai yin riga malam masallaci, ya laƙaba wa mutum sunan "munafuki" tun fitowarsa ta farko, alhali fim ɗin sai a ƙarshe yake son ka gane. Da ka ji haka, wannan kwafin ya tona asiri. Duba kuma ko an cusa talla a tsakiyar fitowa mai zafi. In fassarar ta gaza, gara na asali mai rubutu a ƙasa, tunda maganar cikinsa ba ta da yawa, wani mai jin Turanci ya riƙa faɗin muhimman wurare a taƙaice.

Duhu da sauti

Fim mai kyau ma yana faɗuwa a ɗakin da ba a shirya ba, a ɗora wa darakta laifi. Kusan duk abin da ke faruwa a duhu yake faruwa, duhu kuwa shi ne farkon abin da matse fayil ke lalatawa. Yi lissafi da kanka. Fim na awa 2 da aka matse zuwa megabait 300, kusan kilobit 330 ke nan a daƙiƙa, hoto da sauti a haɗe. A wayar hannu yana wucewa. A talabijin mai inci 43 inuwa takan zama dabbare-dabbare masu motsi, mutumin da ya laɓe bayan labule ya narke cikin baƙi, jama'a su ga jaruma na ihu ba su ga abin da take wa ihu ba. Kada ka sauka ƙasa da giga 1 a 720p, ko giga 2 a 1080p. Kwafin da aka ɗauka da kyamara a cikin sinima kuwa ko kyauta aka ba ka kada ka karɓa, ya saɓa wa doka kuma duhunsa ba ya gyaruwa. In ta intanet za ka kalla, Netflix na cin data har giga 3 a awa a hoto mai inganci, don haka sauke shi tun da rana ya fi a tsaya ana jiran sabis a tsakiyar fim. Ka sani kuma rajistar mutum ɗaya ta kallon gida ce. Mai karɓar kuɗin ƙofa yana buƙatar lasisin hukumar tace finafinai ta Najeriya, wato NFVCB, da izinin masu haƙƙin fim.

Sai saitin talabijin. Yawanci ana barin sa a kan Vivid ko Dynamic saboda ƙwallo, wannan kuwa yana danne duk abin da ke cikin inuwa. Mayar da shi Movie ko Cinema. Kashe saitin tattalin wuta, wanda ke rage haske da kansa idan hoto ya yi duhu. Ɗaga Backlight sosai. Brightness kuma a hankali ake taɓa shi: tsayar da fim a wuri mafi duhu, ka riƙa ƙara ɗaya-ɗaya har ka fara rarrabe rigar mutum da bangon bayansa, sai ka tsaya. In ka zarce, baƙi zai koma toka, dare ya zama kamar hazo. Je ka zauna a benci na ƙarshe ka sake dubawa, domin daga can ƙorafi ke fitowa. A inci 43, wanda ya wuce mita 4 ya fara rasa ƙananan abubuwa, gara ka rage layi ɗaya ka faɗaɗa benci. Kashe kwan da ke fuskantar gilashin, ka bar ƙarami ɗaya a baya kusa da ƙofa, ka sa labule mai kauri saboda masu shige da fice.

Sauti ma haka. Yawancin waɗannan finafinai an haɗa su ne don lasifika 6, kuma magana ta lasifikar tsakiya take fita. In aka tura su ta lasifika 2 ba tare da saiti ba, raɗa takan ɓace, ƙarar buga ƙofa kuma ta fasa kunne, ka wuni kana ƙarawa kana ragewa. A na'urar, zaɓi Stereo ko PCM, sannan ka kunna Night Mode ko Clear Voice in akwai. Rage bes a amfilifaya, ka ɗaga lasifikun zuwa daidai kan mutum a zaune, kada ka bar su a ƙasa ƙafafu su tare su.

Janareta kuwa ka kai shi waje, aƙalla mita 6 daga ƙofa da taga, bakin hayaƙinsa na kallon wani gefe. Wannan ya wuce maganar ƙara. Hayaƙinsa na ɗauke da iskar da ba ta da wari ba ta da launi, kuma tana kashe mutane a ɗaki rufaffe. Kada matsin fili na Legas ya sa ka ajiye shi a lungu ko ƙarƙashin matakala. Sayi doguwar waya mai kauri. Cika tanki kafin a fara, kada a zuba mai inji yana aiki. In da hali, haɗa talabijin da na'urar a kan ƙaramin UPS, wato na'urar da ke riƙe wuta na ɗan lokaci, saboda in NEPA ta ɗauke kada hoton ya mutu kafin a tayar da inji.

Abin da za ka rubuta a allo

Mafi yawan ɓacin rai daga alkawari yake tasowa. Mutanenmu sun tashi da Indiya mai waƙa da rawa tun zamanin sinimomin Kano da Kaduna da Jos, kuma wanda ya ga "sabon Indiya" wannan yake tsammani. Faɗa masa gaskiya tun a ƙofa: "Babu waƙa, babu rawa. Gida ɗaya, dare ɗaya. Awa 1 da minti 40. Manya kawai." Za ka rasa mutum kaɗan, amma waɗanda suka shigo sun san abin da suka saya. Kada ka dogara da tirela ko fosta, sau da yawa duk zafin fim ɗin ne aka tattara a minti 2.

Maganar "manya kawai" ka riƙe ta da gaske. Ban da jini, wasu daga cikin finafinan nan suna da fitowar cin zarafin mata, wadda ba ta dace da zaman da ake da yara ko surukai ba. Ka tuna kuma kutsen gida ba tatsuniya ba ce ga kowa. Mutanen Agege da Alimosho ba su manta watan Afrilu na 2020 ba, lokacin kulle, da aka riƙa kwana a titi ana ƙona tayoyi ana gadin unguwa saboda tsoron 'yan fashi. Wanda aka taɓa shiga gidansa yana da haƙƙin a gaya masa irin fim ɗin kafin ya zauna.

Lokaci ma yana da tasiri. Isha'i a Legas tana kamawa wajen ƙarfe 8, don haka 8:30 ta dace da farawa, a tashi 10 da 'yan mintoci, kafin a rufe get ɗin layuka, kuma masu sammakon kasuwa su samu barci. Kauce wa Talata da Laraba a lokacin gasar zakarun Turai. Kada ka tsayar da fim don hutu ko da kalmar hutun ta fito a allo, wuce ta. Mai sayar da ruwa da gyaɗa ya gama zagayensa kafin a kashe fitila, kuma ka roƙi wanda ya taɓa kallo, cikin girmamawa, "Malam, don Allah a bar wa 'yan'uwa su gani da idonsu."

Ajiye fim na biyu a filashi, wanda ka riga ka tabbatar da shi. In zuwa minti 30 ka ga hasken wayoyi ya kai 5 ko 6 a cikin duhu, tsayar ka tambayi jama'a ko a canza, kada ka jira su fara fita. In kuma wuta ce ta katse ku a tsakiya, idan ta dawo kada ka ci gaba daga inda aka tsaya. Koma baya minti 2 ko 3, zuwa farkon fitowar, ka jira kowa ya zauna ɗakin ya yi tsit, sannan ka danna.